Sallama a Ƙofar Ɗakin Bayi

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Silver Spring, ni da maiɗakina da 'yarmu da ke jami'a. Tun da aka sa mini ranar rantsuwar zama ɗan Amurka yarinyar nan ta ce ba za ta je ba. Wai ba ta ga yadda baƙin mutum zai ɗaga hannu ya yi wa ƙasar da ta yi cinikin baƙaƙe alkawarin biyayya ba. Ita da aka haifa a nan! Abin ya ci mini rai. Ita ta zaɓi inda za mu, wai in gani da idona.

Da yake Asabar ce, babbar hanyar da kullum take cushe muka same ta fayau. Muka tsallaka kogin Potomac muna cin ƙosan da maiɗakina ta soya, don a wurin yawon buɗe ido ko ruwan sha sai ya sa aljihu kuka.

Wurin da ta zaɓa gidan gona ne na ɗaya daga cikin shugabannin farko na ƙasar, masu cewa kowa daidai yake da kowa. Gida fari tas a kan tudu, yana kallon kogi. Can baya kuma ga ɗakunan bayinsa, duhu, ba wurin miƙe ƙafa. Na fara tunanin ko yarinyar nan ta fi ni gaskiya.

A ƙofar wani ɗaki na tuɓe takalmi na yi sallama, ban ma san na yi ba. Turawa suka zuba mini ido, 'yata ta ja mini riga don kunya. Wata dattijuwa baƙar fata da ke zagayawa da baƙi, da 'yar tutar Amurka maƙale a ƙirjinta, ta tambayi dalili. Na ce a wajenmu ba a shiga ɗakin mutane da takalmi, ko masu ɗakin ba sa nan. Sai ta dafa bango ta cire nata. Ta ce a irin wannan ɗaki aka haifi kakanninta.

'Yata ba ta iya haɗiye magana ba. Cikin Turanci ta ce, "To, don me kike sa tutar?"

Dattijuwar ta ce, "'Yata, kakannina suka gina ƙasar nan, in bar wa wa? Abin da shugabannin nan suka rubuta, cewa kowa daidai yake, gaskiya ne, cikawa ce ba su yi ba. Mu muke sa a cika."

Muka dawo gida. Ni dai na koyi cewa ana iya son ƙasa ba tare da an rufa mata asiri ba. Muna tuɓe takalma a ƙofa sai 'yata, wadda kullum da Turanci take amsa mini, ta ce da Hausarta mai gargada:

"Abba, ranar rantsuwar nan, babbar riga za ka sa ko kwat?"

Na sauke ajiyar zuciya, wallahi har da ƙwalla. Na ce babbar riga.

Ta ce, "To, ni zan goge ta."