Wuƙa Mai Tsatsa

Shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa yayana, likita ya hana shi gishiri, matarsa ta hana shi goro, shi kuma ya hana kansa kasuwa. Na ukun ya fi damuna. Mutumin da ya tsufa a karar shanu ta Mai'adua, ga shi a zaure a Daura, hannun dama ajiye a cinya kamar baƙon da bai san kowa ba.

Ƙafa ta warware, baki ya daidaita, amma ya ce ba zai koma ba. Mai lodin shanu ba ya rabuwa da wuƙar aljihu, don idan igiya ta shaƙe wani sa a cikin mota ba a tsayawa kwance ƙulli, yankewa ake yi. "Wanda ba ya iya yanke igiya ɗan kallo ne," in ji shi, "ni kuwa ban iya kallo ba." Ƙwallon robar da likita ya ba shi ya riƙa matsawa, tuni jikoki suka gaje ta.

Ni malamin kimiyya ne mai ritaya, kuma mai ritaya ba ya ganin matsala sai ya mai da ita darasi. Abin da na sani game da ƙarfe shi ne tauri daban, juriya daban. Mai tauri sosai yana riƙe kaifi, amma gautsi gare shi. Ya haɗu da ƙaho, sai baki ya ɓare. Mai juriya yana saurin dakushewa, yana tsatsa, amma ko an murɗa shi ba ya karyewa. Hannu mai rawa kuwa dole ya murɗa wuƙa.

Na wuce wuƙaƙe masu ƙyallin nan na kanti, na nemo guntun sifirin, ƙarfen nan mai lanƙwasa na ƙarƙashin tsohuwar mota, wajen 'yan gwangwan, na kai wa maƙerin unguwarmu. Na ce wuƙa mai naɗewa nake so, ƙota mai kauri don hannun da ba ya dunƙulewa, da ɗan kunne a gindin ruwanta wanda babban yatsa zai tura. Kuma kada ta yi tauri da yawa.

"Malam," ya ce, "kai ne na farko da ya roƙe ni in sassauta wa ƙarfe. Ɗalibai ma haka kake yi musu?"

Da na miƙa wa Yaya, ya juya ta da hagu, ya taɓe baki.

"Boko ya ƙare a bola ke nan? Wannan ai kafin Juma'a ta yi ja."

"Za ta yi, Yaya. Sai an wasa ta kullum, a shafa mata mai. Ni kuwa ba ni da lokaci."

"Kai da ba ka da aiki sai rediyo?"

Na bar ta a kan tabarma na tafi. Na san shi: zai iya zama da ciwo, amma ba zai iya zama da tsatsa ba. Da farko da hagu yake wasawa, dama na danne dutse. Damina ta shigo, tsatsa ta ƙara himma, shi ma haka. Ban taɓa yi wa tsatsa fatan alheri ba sai a wannan shekara. Wata safiya na tarar hannayen sun yi musayar aiki. Bai ko ɗago ba, ya ci gaba da washinsa.

Bayan kaka, ran wata kasuwar Mai'adua, aka ce mini ya hau bayan babur tun da hantsi. Da la'asar ya dawo da warin garke a riga, ya jefo mini wuƙar. Bakinta ya ɗan kwanta a wuri guda.

"Ta yanke igiyar da ta shaƙe wani sa, ta zarce ta bugi ƙarfen mota."

"San fa?"

"Yana hanyar Kano da numfashinsa."

Ya jawo dutse, ya karɓe ta da dama, ya dunƙule hannu a kanta.

"Ka faɗa wa maƙerinka ya rage ƙotar nan. Ta yi mini kauri."