Katangar Da Na Shafe A Malaz

Shekarata ashirin da bakwai a lokacin, ina aikin fenti a wani kamfani mai kula da gidajen ma'aikatan asibiti a unguwar Malaz ta birnin Riyad. Daga Maraɗi na zo Riyad, takarduna lafiya lau, sai dai zuciyata a kusa take. Tun ranar da wani direba ya kira ni bawa a kan titi, ko kallon banza ba na iya haɗiyewa.

A gidajen akwai wata nas, dattijuwa, baƙa kamar gwaggona, 'yar wani tsibiri a yankin Karebiyan. Mama muke ce mata. Ta nemi izinin mudir, wato manajan wurin, ta fara zane a doguwar katangar da kowa ke bi ta gabanta. Ranakun hutunta take yi, da sassafe kafin rana ta buɗe. Ta zana teku, kwale-kwalen masunta, gonakin rake, da mata masu manyan ɗankwali suna rawa. Ni nake haɗa mata shuɗin fenti, wai hannuna ya san ruwa, alhali ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi.

Aka tura ni aiki Ulaya, wata unguwa a can wani gefen Riyad, na mako biyu. Ranar Juma'ar da na dawo, na tarar da wasu leburori biyu a gaban katangar suna dariya. Ɗaya ya ce in zo in ga hotona. Ina dubawa sai ga jirgin ruwa, ga layin baƙaƙen mutane babu riga, sarƙa a wuya. Na gaba a cikinsu kuwa da tsagar Gobir a kumatu, irin tawa sak. Na ce a raina, wato duk hidimar da nake yi wa matar nan, abin da take gani a fuskata ke nan. Ban tambaye ta ba, ban ma bari na huce ba. Da zafin rana ya kori kowa ɗaki, na ɗauko farin fenti da rola na shafe wajen tas, ko minti goma ban yi ba.

Washegari na same ta tsaye a wurin da kayan aiki a jikinta. Ba ta ɗaga murya ba. Cikin gurgun Larabcinmu ta ba ni labarin da ya kamata in nema tun jiya. Mahaifinta ne ya yi asalin zanen a katangar bakin teku ta garinsu. Guguwa ta rushe katangar, shi kuma ya rasu, shi ne take maido da zanen daga ka. Masu sarƙar kakanninta ne, waɗanda aka kwaso bayi daga nahiyarmu. Mahaifin ya sa wa na gaban tsaga ne bisa abin da kakarsa ta faɗa masa, ita kuwa ba ta taɓa ganin tsagar a fuskar mai rai ba sai a tawa.

"Ɗan'uwana, ranar da na gan ka ji na yi na tsinci dangi," in ji ta. "Wa zai tsane mu haka?"

Na ce Allah ne masani. Wallahi abin da na ce ke nan, ga farin fenti bai gama fita daga farcena ba.

Saura kwana tara kwantiraginta ya ƙare, babu lokacin gyara. Kullum sai in ce yau zan faɗa mata, kullum kunya ta ɗaure mini baki. Ni na ɗora mata akwatuna a mota, ta sa mini albarka, ta tafi tana zargin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Bayan mako guda mudir ya ce tunda zanen ya ɓaci, a shafe katangar duka, kuma ni aka ba aikin. Na shafe masuntan, na shafe matan, ina yi hawaye na zuba.

Shekara uku ke nan. Na nemi lambarta a wurin abokan aikinta, wadda suka ba ni ba ta shiga. Abin da na gane shi ne, zafin da wani ya cusa mini na sauke a kan wadda ta fi ni sanin ciwonsa. 'Yan'uwana da ke ƙasar mutane, idan abu ya sosa muku rai, ku tambayi mai shi kafin hannunku ya motsa. Idan kuwa kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun mai haƙƙi na kusa. Ni yau a shirye nake in faɗi gaskiya, amma ban san inda zan same ta in roƙi gafara ba.