Lambar Gonata a Bakin Yaya

Yayana bai taɓa shiga jirgin sama ba, amma idan ka ji shi yana magana a majalisa sai ka rantse shi yake raba wa tsuntsaye hanya. Aikinsa shi ne zama a kan tankar ruwa da rediyo a hannu, a gefen wani fili da aka share tsakanin gonakin auduga, yana gaya wa jiragen feshi wanda zai sauka, wanda zai jira, da gonar da kowa zai nufa idan an cika masa magani. Tankar nan ita yake kira hasumiya, kuma ba ya dariya idan ya faɗa.

A shekarar da mijina ya rasu, hawasharsa ta dawo hannuna, wato gonar hayar da muke nomawa a tsarin ban ruwa na Jazira, inda Larabci ne yaren gari. Audugar ta yi kyau har maƙwabta suna tsayawa kallo, sai tsutsa ta shigo. Kullum da safe ina buɗe ƙululun auduga in tarar da ita a ciki tana cin abincin 'ya'yana. Layin gonakinmu lambarsa arba'in da biyar, kuma ranar feshinmu guda ce tak. Na taka har gidan Yaya na tuna masa.

Ya ce, "Ke, ni za ki koya ma aiki? Arba'in da biyat, ko barci nika yi na san ta. Halas, magana ta ƙare, tahi gida."

Ranar na kafa farin ƙyalle a kan gora don direban jirgi ya gane gonata, na tsaya a bakin magudanar ruwa tun sassafe, domin da iska ta taso an gama feshi ke nan. Can sai ga jirgi ya taho ƙasa-ƙasa. Na ɗaga hannu biyu, ina ta hamdala. Ya wuce ta kaina ko ɗigo bai zubar ba. Ina kallo ya miƙe kudu, ya sunkuya, ya zazzage maganin nan kaf a kan wani layi da aka bari saura a shekarar, babu komai cikinsa sai tumfafiya da busasshiyar ƙasa. Wallahi ban san lokacin da na zauna a cikin taɓo ba.

Da azahar na same shi a ƙarƙashin hasumiyar tasa yana shan shayi. Shi da bakinsa ya ba ni labari, kuma yadda ya bayar da shi ya fi ɓata min rai. Wai jirage uku ne suka dawo masa lokaci guda. Ɗaya mansa ya kusa ƙarewa, direban yana ta ihu. Na biyu ya riga ya saki ƙafafu, Yaya ya ce masa sauka, sai ga awakin wani makiyayi a tsakiyar fili, dole ya sake kora shi sama. Na uku yana ta kewaye yana tambayar ko an manta da shi ne. A cikin wannan hayaniya wani na huɗu, wanda aka gama cika wa magani a ƙasa, ya tambayi lambar da zai je.

Mu dai da Hausa gomiya muke fara faɗa, mu ce arba'in da biyar. Larabci kuwa ƙaramar lamba yake sa wa gaba, hamsa wa arba'in. Yaya idan ya rikice da Hausa yake tunani, direbobin kuma Larabci kaɗai suke ji. Bakinsa ya kama "arba" irin ta Hausa, ya ƙarasa da Larabci, ya ce arba'a wa hamsin. Hamsin da huɗu ke nan.

Na ce, "To Yaya, sai a maido shi gobe."

"Gobe suna can gonakin Makwar. Ma'alesh, ba komi. Ki gode Allah ba a yi karo ba, jirage ukku na sabkar lahiya lau."

"Tumfafiya ma ta gode, ta samu lahiya."

Ya ajiye kofi, ya dube ni da gaske, ya ce, "Ba laihina ba ne, Hausag ga ta cuce ni."

Hausa! Yaren da Inna ta yi masa rarrashi da shi, shi ne mai laifi. Na yi tafiyata don kada in faɗi abin da za a tara mana dangi a kai. Kafin jiragen su sake zagayowa kanmu, tsutsa ta gama abin da ta zo yi.

Bai taɓa ce min in yi haƙuri da bakinsa ba. Amma ranar da muka fara cirar auduga sai ga shi da matarsa da 'ya'yansa duka, kowa da buhu, shi har da sabuwar hular rana. Gonar da takan ɗauke mu kwanaki muka gama ta rana ba ta kai tsaka ba, don abin cirar bai da yawa. Buhunan da suka cika suna jingine a bakin magudana, sauran kuwa suna ninke a hammatarsa, ya rasa inda zai ajiye su. Ya tsaya yana kallon ƙasa, yana share zufa.

Na ce, "Ƙirga min su, Yaya. Da duk yaren da ka ga dama."