Wushiryar Mai Nono

Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗaukar awon haƙori da kwaɓi a Gumel. In cusa wa mutum a baki yana kakarin amai, in jira ya daskare, in zuba farar ƙasa. Sai ga wani abokin aikina daga Kano, wanda yake bayana da aji uku a makaranta, ya zo koya mana sabuwar hanya. Wata na'ura ce kamar ƙaton buroshi, a zagaya da ita cikin baki ta ɗauki hoto, kwamfuta ta zana haƙorin, a tura Kano inji ya sassaƙo shi. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma na zauna a gaba, don kada a ce tsufa ya kore ni.

A rana ta biyu aka kawo matar da za mu gwada aikin a kanta. Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Ɗanzomo, ta fi shekara goma tana sayar mini da nono a ƙofar asibiti. Saniya ce ta kai mata ƙaho wajen tatsa, haƙoran gaba biyu suka karye rabi. Matar da ake jiyo dariyarta daga tasha, ga ta nan ta toshe baki da mayafi.

Malamin namu ya ɗauki hoton cikin minti kaɗan, kuma wallahi abin ya burge ni. Kwamfuta ta zana haƙora biyu, santala-santala, manne da juna.

Na ce, "Likita, ina wushiryar?"

Ya ce, "Wace wushirya, Yaya? Ai giɓi ne, na'ura ta gyara mata."

Raina ya ɓaci. Na'urar kututture biyu ta gani, ni kuwa na san bakin nan tun kafin a ƙera ta. A ƙasar nan mata na yin alfahari da wushirya, har waƙa ake yi mata, wai yau ta zama cutar da za a warkar.

Na juya ga matar. "Inna, ga haƙoranki a allo. Haka kike so?"

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Masu kyau ne, Likita. Amma na wace ce?"

Abokina ya sake duba allon. Sai ya ce buɗe wushirya da hannu ake yi, a rage nan a ƙara can, kuma ni ko riƙe linzamin kwamfuta ban iya ba tukuna. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Na ce, "To ai koyarwa ta kawo ka. Matsa."

Daga azahar har bayan la'asar ina kan kujerar nan. Sau huɗu ina ɓata zanen, haƙori ɗaya ya fito kamar na zomo. Shi kuwa, Allah Ya saka masa, bai karɓe linzamin ba ko sau ɗaya, sai dai ya ce koma baya, sake. Matar na tsaye a kaina tana cewa ƙara kaɗan, ta gyatumarta ma haka take, tsinken tsintsiya na wucewa.

Bayan mako guda haƙoran suka iso, na manna mata da hannuna. Na miƙa mata madubi, ta ture shi. Harshe ta sa ta laluba tsakaninsu, ta sauke mayafin. Da ta fita baranda sai ta tsaya, ta tsartar da yawu ta cikin wushiryar, ya sauka can kan furannin asibiti.

Duk Gumel an san ni da faɗa a kan tofar da yawu a wurin nan. Ranar ban ce uffan ba.