Mai Gadina da Jar Saniyar Filinge

Muna sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da tsohon da ke gadin ƙofar gidanmu a Yamai. Da yawanku kun tambaye ni abin da ya kai ni Filinge a wannan zamani da kowa ke dogon tunani kafin ya fita bayan gari, ni da alli ne sana'ata, ba fatauci ba. To, saniya ce ta kai ni, kuma ba tawa ba.

Akwai wani shafi na intanet da nake bi tun layyar bara, na wani mai suna Hamadu da ke sayar da dabbobi daga ƙasar Kurfai, can wajen Filinge. Za a nuna maka rago ta gaba da ta baya, a buɗe bakinsa ka ga haƙora, a kora shi ka ga tafiyarsa, in ya yi maka a ɗoro maka shi a mota. Amma kowace Juma'a sai ya sa hoton wata tsohuwar jar saniya mai shaidar wuta a cinya kamar sawun kaza, ya rubuta a ƙasa cewa ba ta sayarwa ba ce, mai ita ake nema. Ni har na ɗauka dabarar jawo masu saye ce. Ran nan ina zaune bakin ƙofa ina latse-latse, tsohon ya kawo mini shayi, idonsa ya faɗa kan wayar. Ya tsaya da kofin a hannu ya ce, "Mushe, wagga shaida ta gidanmu ta." Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu.

Shekara shida yana buɗe mini ƙofa, ko akuya bai taɓa ce mini ya mallaka ba. Na aika wa Hamadu saƙon murya. Amsarsa ba tsawo: mutum bakwai sun zo kafin wannan, kowa ya rantse tasa ce, kowa ya koma hannu rabbana. In tsohon na da gaskiya ya zo da ƙafarsa, kuma ya hanzarta, don saniyar ta fara ƙin tashi da safe.

Motar da muka shiga hiyas ce, ƙaramar bas, irin wadda in an ce ta cika sai a ƙara mutum uku. Jika biyar-biyar ta sefa muka biya, wata mata a bayana ta yi ta mita cewa tun da soja suka karɓi mulki aka rufe iyaka babu abin da ya sauka sai darajar talaka. Direba ya ce mata ta yi a hankali, motarsa ba majalisa ba ce. Aka yi dariya. Kwalta da sauƙi a farko, daga baya ramuka suka fara gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Lokacin kaka ne, ko'ina dammunan hatsi a jingine ana jiran amalanke.

A kowane shingen jami'an tsaro sai an sauka an nuna kati. A na biyu ne na riƙe wa tsohon takardarsa yana gyara rawani, na duba. Takardar ɗan gudun hijira ce, daga ƙetaren iyakar Mali. A nan na fara ganin cikakken sunansa, ni da nake kiransa Baba tun ranar da ya zo. Kunya ta kama ni, na miƙa masa takardarsa.

Da hantsi muka iso Baleyara, ranar Lahadi, kasuwa ta ci ta batse. Direba ya ce zai sauke kaya ya ɗauki wasu, mu nemi abin karya kumallo. A nan kunnenka zai sha Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, amma in ciniki ya zo wajen ƙarshe sai ka ji an dawo Hausa. Na sayi kopto, wato kwaɗon zogale, na dala arba'in, da gasasshen nama da mai shi ya rantse na rago ne, haƙorana kuwa suka ce tsohuwar akuya ce. Da na waiwaya ban ga tsohon ba. Can na same shi a kara, tsakiyar shanu. Mutumin da na sani da sunkuyar da kai sai ga shi ya miƙe zam, yana shafa wannan, yana ɗaga leɓen waccan, har ya gaya wa wani dillali cewa saniyar da yake tallatawa tana da ciki wata uku, kada ya bari mahauta su saye ta. Dillalin ya tambaye ni ko maigidana ne.

A cikin karar na ga wata mata da hijabi tana zagaya wani farin rago da waya a hannu tana bayani. Na tambaya, aka ce cikin ma'aikatan Hamadu take, wani ɗan ci-rani ne a Abijan ke son ragon suna.

Bayan mun bar Baleyara hanya ta bi cikin kwari, goruba da gawo ta ko'ina, duwatsun Tondikandiya suna can gefe jajaye. Ta wajen Damana hirar mota ta mutu, kowa ya kama carbinsa, don daga nan ba a son dogon tsayi. A wannan shirun ne tsohon ya ba ni labari ƙasa-ƙasa. Ya ce a wajensu akwai abin da ake kira habbanaye. In amininka ya rasa dabbobi, sai ka zaɓi karsana mai kyau ka ba shi riƙo. Ya sha nono, 'ya'ya uku na farko nasa ne, sannan ya maido maka uwar. Ba takarda, ba shaidu. Shi ya ba wani amininsa jar karsana bayan fari ya cinye masa garke. Shekara ba ta zagayo ba masu bindiga suka shigo yankinsu, aka kore shanunsa kaf, kowa ya yi ta kansa. Tun daga ranar bai sake jin ɗuriyar aminin ba. Na ce masa, to in tasa ce, ina zai ɗaure saniya a Yamai? Ya ce shi ba saniyar ce ta fi damunsa ba, so yake ya ji ko mutumin na raye.

Azahar ta yi mana a Filinge. Gari ne shimfiɗaɗɗe a gindin tudu, Hausarsu irin ta Sakkwatawa, "mi kake biɗa" da "ina zaka". Ofishin Hamadu, in za a kira shi ofis, shago ne mai ɗaki ɗaya kusa da kasuwa, da faifan hasken rana biyu a kan rufi da wayoyi jere a tebur. Na zaci zan ga mai tumbi da babbar riga. Siriri ne, bai fi shekara talatin ba, da takalmin roba irin na makiyaya. Ya kawo mana fura da nono da cuku, ya gaishe da tsohon da ladabi, amma na lura bai sake da shi ba.

Ni da bakina ba ya zama, na tambaye shi yadda aka yi makiyayi ya koma ɗan kasuwar intanet. Ya ce ya tsallako iyaka yana saurayi, shi da mahaifiyarsa da saniya guda. Aka sa su a sansanin 'yan gudun hijira da ke arewa da nan, saniyar kuwa wani manomi Bakurfaye ya bari a ɗaure ta a gonarsa, shi ya samu taki, su su samu kara. Ya shigo gari neman abin yi, ya samu aiki a rumfar cajin waya. A nan ya koyi haruffa, daga sunayen da ke fitowa a wayoyin mutane. Da ya samu tasa wayar, hoton farko da ya ɗauka na shaidar saniyar nan ne, ya hau tudu inda ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, ya watsa. Mai ita bai fito ba, sai masu tambayar nawa ce. Ya gaji da cewa ba ta sayarwa ba ce, ran nan ya ce wa wani, amma maƙwabcina na da wata. Daga nan aka fara. Yanzu mutum huɗu ke masa aiki a kasuwanni, kuma tun da hanya ta lalace fatake suka rage zuwa, cinikinsa ya ƙaru. Ya ce wannan ƙaruwa ba ta yi masa daɗi, ya fi son hanya ta gyaru ko da shi zai ragu.

Tsohon dai bai taɓa furar ba. Da Hamadu ya gama labarinsa sai tsohon ya tambaye shi sunan mahaifinsa. Hamadu ya ce ya yi haƙuri, ba ya faɗa sai an ga saniya, don na huɗu cikin waɗanda suka zo, da sunan nan ya so ya cuce shi.

Bayan la'asar muka hau amalanken jaki zuwa gonar, tafiyar rabin awa cikin yashi. Shanu sun dawo kiwo suna cin karan hatsi. Jar saniyar na kwance ita kaɗai a gindin gawo, ƙasusuwan ƙugunta a waje. Hamadu ya tsayar da mu nesa da ita. Tsohon ya sa hannu a baki ya yi mata wani irin kira mai tsawo. Ko kunne ba ta kaɗa ba. Ya sake, shiru. Na fara tunanin yadda zan koma da dattijo cikin kunya.

Sai ya juyo ya dubi Hamadu. "Ta manta ni, kuma tana da gaskiya, karsana ta lokacin da mun ka rabu. Amma duba hantsarta, nono biyar gare ta, na biyar ɗin ƙarami, can baya wajen hagu. Ran da na miƙa ma ubanka igiya na hwaɗa mishi, don kar ya ce na ɓoye aibi. Yai dariya ya ce shi da ke ɗingishi ba ya raina mai ƙari."

Hamadu ya durƙusa a cikin yashi. Ya ce, "Baffa, mahaifina ya rasu a hanya, kwana biyu kafin mu kai iyaka. Abin da ya ce mini na ƙarshe, in mutu da yunwa amma kar in sayar da ita, ba tamu ba ce."

Tsohon ya yi wa amininsa addu'a, muka shafa. Sannan ya je ya zauna kusa da saniyar yana sosa mata wuya. Ni kuwa na juya baya, na yi kamar ina duba waya.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Hamadu ya sa aka ware wasu shanu gefe guda, jajaye kusan dukansu, manya da maruƙa, goma sha ɗaya. Ya ce uku na farko ya riƙe kamar yadda al'ada ta ce, da su ya yi aure ya kafa shago. Amma daga haihuwa ta huɗu zuwa yau, da 'ya'yansu, na mai saniya ne, shi kiwo kawai yake. Tsohon ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba cinya. Kowace da sawun kazar nan.

A Filinge muka kwana. Da safe na shirya, na tarar da shi a gonar yana tatsa, ya naɗe hannun riga. Ya goge hannu, ya ciro makullin ƙofata daga wuyansa ya ba ni, ya ce in ba uwargida haƙuri. Sannan ya kama wata karsana a ƙaho ya jawo ta gabana.

"Mushe, albashin lakwal ba ya haihuwa. Riƙe wagga. In ta yi uku ka maido min uwar."

Na ce ina zan kai ta? Ya ce ta zauna nan, Hamadu zai riƙa aiko mini hotonta, ni dai in zo in gan ta ko sau ɗaya a shekara, haka ake yi.

Ni kaɗai na dawo, da ƙullin cuku a cinya, na iso Yamai bayan azahar na buɗe ƙofa da kaina. Na tafi ne saboda saniya, na kuma ga yadda ɗan gudun hijira ya yi arziki da waya, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne shekara shida da na yi ina wuce mutum safe da yamma ban taɓa tambayarsa daga ina ya fito ba. Juma'ar da ta biyo na buɗe shafin Hamadu don in ga abin da zai sa. Raguna ne kawai. A saƙona kuwa akwai hoto guda, na karsanata, da muryar tsohon yana cewa jar saniyar ta mutu ranar Laraba, kanta a kan cinyarsa.