Kwano Mai Jan Fenti

Tun yana saurayi Manu yake jigilar fasinja tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, shi ya ma koya wa ƙaninsa Ishiyaku tuƙi. Da tarin fuka ya kwantar da shi, Ishiyaku ya karɓi motar, ya kuma ware masa kwanon abinci, ya ɗiga masa jan fenti. Cin tuwo da maza a ƙofar gida ya haramta gare shi. Dariyarsu da yake jiyowa ta bayan katanga ta fi tarin cin ransa.

Ya shanye magani, likita ya ce ya warke, amma kwanon bai daina zuwa ba.

"Yaya, ƙara haƙuri, lafiyar jama'a muke dubawa," in ji Ishiyaku, makullin motar na lilo a yatsansa.

"Ta jama'a ko ta mota, munafuki?"

Manu ya shure kwanon, ya kutsa cikin maza, ya tsoma hannu a tuwonsu. Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Ya cinye tas shi kaɗai yana huci, sannan ya miƙa wa Ishiyaku hannun nan duk miya.

"Makullina."