Naman da aka rufe a kula

Shekara biyu Inna ba ta ci nama ba, kuma ba ta taɓa faɗa ba. Turamen haƙoranta ne suka zube. In an zuba abinci sai ta tsame nata yankan ta miƙa wa jikoki, ta ce ita kifi ya ishe ta. A Yelwa ba wanda zai yi mamakin wannan magana, tunda kifi a bakin ƙofa yake. Amma Inna 'yar mahauta ce. Na san yadda take kallon tsoka.

Da na zo hutu daga wurin aiki, na ƙudura sai ta ci. Akwai wani girki da na koya a bakin wani tsohon kuku, lokacin da na yi hira da shi don shirin rediyo. Yana saurayi ya yi wa Turawan Italiya girki a aikin madatsar Kainji. Ya ce a yanka nama falle-falle, a buge shi ya yi laushi, a turbuɗa a fulawa, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a garin busasshen burodi, a soya. Ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa kada a kuskura a rufe shi, tururi yana kashe ƙarasƙaras ɗin.

Na je kasuwa na ce wa mahauci tsokar cinya nake so, yankan kilishi amma da ɗan kauri. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, sana'armu za ki ƙwace?"

A gida matar yayana ta daka burodin a turmi, muka tankaɗe da rariya. Ni kuma na shimfiɗa naman a kan faifan katako ina bugunsa da muciya.

"Mi ya yi miki, wanga nama?" in ji ta.

"Ladabi nake koya masa."

"To, a gaida malama."

Man gyaɗa ya yi zafi, na dinga sakawa biyu-biyu. Suka fito jajir, gefensu na ƙara in an taɓa. Na jera su a tire a buɗe, na yanka lemun tsami, na shiga yin sallar magariba.

Ina fitowa na tarar da tire wayam. Matar yayana ta kwashe su duka cikin kula ta danne murfi. A gidanmu ba a barin abincin manya a buɗe, ko na minti biyar ne. Rashin tarbiyya ne. Ban gaya mata gargaɗin tsohon ba, don haka ban ga ta inda zan kama ta da laifi ba. Na buɗe kular. Ɓawon ya jiƙe ya kwanta, kamar ƙosan da ya kwana.

"Na ɓata ne?" ta tambaya a hankali.

Na ce, "Bari dai mu kai."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ga shinkafa da miya. Na sa wa Inna falle ɗaya a kwanonta, na matse lemun tsami a kai. Ta ɗauka, hannunta ya nufi jikoki kamar kullum. Sai naman ya lanƙwashe, rabi ya rabu ya faɗa kwano. Ta tsaya. Ta murza guntun da yatsa biyu, yadda mahauta ke gwada tsoka, ta kai baki.

Muka yi kamar ba mu gani ba. Yayana ya ɗauko zancen ruwan tafkin Kainji da ya fara ja baya. Ni ina kallonta ta gefen ido. Ta cinye rabin, ta ɗauki ɗayan.

Daga baya ne na gane cewa da ya zo mata yadda na so, da ɓawon nan mai ƙarfi ya soki dadashinta, ta miƙa wa yara tun a loma ta farko.

Da ta gama ta suɗe yatsu ta ce, "Cinya ce. Amma saniyar ta tsufa."

Sannan ta tura kwanonta wajen matar yayana.

"Ɗiyata, akwai saura cikin kular?"